Monako, Ƙasar da Yarima Ke Mulka: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancinmu ta hanyar ƙwallo muka fara jin sunan Monako, wasu kuma ta tseren motoci ko labarin attajiran da ke gudun haraji. Abin da ba a cika sani ba shi ne yadda ake mulkin wurin, da yadda ɗan fili da bai kai wata unguwar ba ya zauna ƙasa mai tuta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Ina Monako take, kuma da gaske ƙasa ce mai cin gashin kanta?

Tana bakin Tekun Bahar Rum, a kudu maso gabashin Faransa, tsakanin birnin Nis da iyakar Italiya. Faransa ta kewaye ta ta ɓangare uku, teku ya rufe na huɗu. Girmanta ya ɗan haura murabba'in kilomita 2, don haka in ka cire Vatikan babu ƙasar da ta kai ta ƙanƙanta. Mai ƙafa zai ratsa ta daga wannan kai zuwa wancan cikin awa guda. A wasu wuraren titi ne kawai iyaka: wannan gefen Monako, tsallaken kuma garin Beausoleil na Faransa, ba shinge ba mai tambayar takarda.

Duk da haka ƙasa ce. Tana da kundin tsarin mulki, da fasfo, da 'yan sanda, da kotuna, da jakadu. Ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Mayun 1993, kuma ƙuri'arta a babban zaure ɗaya ce, daidai da ta Najeriya ko ta Indiya. Mazaunanta kimanin 38,000 ne, amma 'yan ƙasa na asali ba su kai 10,000 ba. Masu gida su ne 'yan tsiraru a gidansu.

Me ya sa ake cewa Yarima, ba Sarki ba?

Nan kunnen Bahaushe ke ɗan rikicewa. A wurinmu Yarima ɗan sarki ne, mai jiran gado ko mai riƙe da wata sarauta a ƙarƙashin sarki. A Turai kuwa akwai ƙananan ƙasashe da mai mulkinsu bai taɓa ɗaukar laƙabin sarki ba, saboda a da suna ƙarƙashin inuwar manyan masarautu. Yariman Monako ba ya jiran kowa, shi ne a kan karaga. Tun 1612 Honoré na II ya fara amfani da laƙabin, kafin nan iyayen gari kawai ake ce musu.

Bambancinsa da sarakunanmu na yau a fili yake. Babu gwamnan da ke miƙa masa sandar girma, babu kuma wanda zai aiko masa da takardar tsigewa. Wanda ke kai yanzu shi ne Albert na II, an haife shi a 1958, ya hau a 2005 bayan rasuwar mahaifinsa Rainier na III, wanda ya yi mulki tun 1949.

Yaya gidan Grimaldi ya samu wannan sarauta?

Da dabara. Mutanen Jenowa, birnin 'yan kasuwa da jiragen ruwa a Italiya, su suka gina ganuwa a kan dutsen Monako a 1215. Grimaldi gida ne daga cikin manyan gidajen Jenowa da rikicin siyasa ya koro. A daren 8 ga Janairun 1297, kamar yadda labarin gidan ya nuna, François Grimaldi ya sa rigar 'yan zuhudun Kirista, ya ƙwanƙwasa ƙofar ganuwar yana neman masauki. Da aka buɗe masa sai ya zaro takobi daga cikin riga, mutanensa suka biyo baya. Gidan bai taɓa jin kunyar wannan labari ba. Tambarin ƙasar har yau 'yan zuhudu biyu ne riƙe da takubba, kuma a dandalin fada akwai gunkin François cikin wannan riga.

Sai dai ba daga ranar suka zauna daram ba. An kore su, sun dawo, an sake korar su. Sai a 1419 dutsen ya tabbata a hannunsu.

Ta yaya ƙaramar ƙasa haka ta tsira ba a haɗiye ta ba?

Ta hanyar raɓuwa da babba, da sanin lokacin sauya ubangida. A 1524 ta shiga ƙarƙashin kariyar Sifen. A 1641 Honoré na II ya juya wa Sifen baya ya ƙulla da Faransa a yarjejeniyar Péronne. Juyin juya halin Faransa ya haɗiye ta a 1793, aka mayar wa Grimaldi da kayansu a 1814, sannan aka sa ta ƙarƙashin kariyar masarautar Sardiniya har 1860.

Abin da ya mayar da ita yadda take yau ya faru ne tsakanin 1848 da 1861. A da Monako ta haɗa da garuruwan Menton da Roquebrune, masu gonakin lemo da zaitun, kuma daga nan harajin fada ke fitowa. Mutanen garuruwan suka gaji da nauyin haraji suka ɓalle a 1848. A 1861 Yarima Charles na III ya haƙura, ya sallama wa Faransa su a kan kuɗi faran miliyan 4, ita kuma Faransa ta amince da 'yancin abin da ya rage. Sama da kashi 90 cikin 100 na ƙasar ya tafi. Ya rage dutse da bakin ruwa da takarda mai sa hannu, kuma takardar ta fi gonakin amfani.

To ba Faransa ce ke juya ta ba?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma amsarta ta sauya da zamani.

A 1918 Faransa ta sa Monako ta rattaba hannu kan wata yarjejeniya mai tsauri. Dalili shi ne mai jiran gado na lokacin, Louis, ba shi da ɗan aure, wanda ke bin sa a layi kuma wani basaraken Jamus ne na gidan Urach. Ana tsakiyar yaƙi da Jamus, Faransa ba za ta yarda Bajamushe ya zauna mata a bakin teku ba. Yarjejeniyar ta ce Monako za ta tafiyar da mulkinta daidai da muradun Faransa na siyasa da soja da tattalin arziki, kuma in gadon sarauta ya zama babu magaji, ƙasar za ta koma ƙarƙashin kariyar Faransa. Aka warware matsalar gado ta hanyar shigar da Charlotte, 'yar da Louis ya haifa ba da aure ba, cikin gidan sarauta a 1919. Ita ce mahaifiyar Rainier.

A 1962 aka ga iyakar 'yancin ƙuru-ƙuru. Shugaba Charles de Gaulle ya fusata da yadda Faransawa masu kuɗi da kamfanoninsu ke tsallakawa Monako don kauce wa haraji, ga kuma saɓanin da ya shiga tsakanin Rainier da Ministan Ƙasa, wato shugaban gwamnatinsa, wanda Bafaranshe ne. A watan Oktoba ya aika jami'an kwastam suka kafa shinge a hanyoyin shiga, inda ba a saba ganin ko ɗan sanda ba. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba. Motoci kawai suka yi dogon layi ana duba takardu, kowa kuma ya gane saƙon: ruwa da wuta da jirgin ƙasa duk ta Faransa suke biyowa. A 1963 aka sasanta. Bafaranshen da ya koma Monako bayan Oktoban 1957 zai ci gaba da biyan harajin Faransa kamar bai tashi ba.

Yarjejeniyar 2002, wadda ta fara aiki a 2005, ta sassauta igiyar. An cire batun komawa ƙarƙashin Faransa in babu magaji, an ba Monako damar ƙulla hulɗar jakadanci yadda take so. Amma har yanzu Faransa ce ke da alhakin tsaronta, kuma Monako ta yi alkawarin kada ayyukanta su ci karo da manyan muradun Faransa. A ganina 'yanci ne na gaske, amma irin na wanda ɗakinsa ke cikin gidan wani: yana da makullinsa, sai dai ƙofar zaure ba tasa ba ce.

Yarima yana da iko na gaske, ko na ado ne kamar na Ingila?

Na gaske ne. Sarkin Ingila yana sa hannu kan abin da majalisa ta kawo masa. Yariman Monako shi ke naɗa gwamnati, shi ke sauke ta, kuma gwamnatin a gabansa take amsa tambaya, ba a gaban majalisa ba. Shi ke gabatar da ƙudurin doka ta hannun gwamnatinsa, shi ke sa hannu kan yarjejeniyoyi da ƙasashen waje, shi ke yin afuwa, shi ke ba da shaidar zama ɗan ƙasa. Yana iya rushe majalisa a sake zaɓe. Kundin tsarin mulki ya ce ba a taɓa alfarmarsa, kuma cin mutuncinsa a bainar jama'a laifi ne a doka.

Amma ba mulkin gaba gaɗi ba ne. Kundin farko ya zo a 1911, bayan mutanen gari sun yi wa Albert na I bore. Rainier ya dakatar da shi a 1959, sannan ya kawo sabo ranar 17 ga Disamban 1962, ana cikin zafin rigima da Faransa. Wannan kundin ya soke hukuncin kisa, ya ba mata damar zaɓen majalisa, ya kuma ce doka ba ta zama doka sai Yarima da majalisa sun amince tare. Shi ke aiki har yau, da gyaran da aka yi masa a 2002.

Wane ne Ministan Ƙasa?

Shi ne kamar firaminista, sai dai ba zaɓensa ake yi ba. Yana jagorantar majalisar gwamnati mai ministoci biyar: cikin gida, kuɗi da tattalin arziki, walwala da lafiya, ayyuka da muhalli da tsara birni, sai harkokin waje.

Abin mamakin shi ne asalinsa. Shekara da shekaru dole ne ya zama Bafaranshe, Yarima ya zaɓa daga sunayen da Faris ta aiko. Tun 2005 an yarda ɗan Monako ya riƙe muƙamin bayan an tuntuɓi Faransa, amma al'ada ta fi doka ƙarfi, Faransawa aka ci gaba da naɗawa. Didier Guillaume, wanda ya karɓa a 2024 ya rasu a Janairun 2025, tsohon ministan noma ne na Faransa, a ƙasar da ba ta da gona ko ɗaya.

Ana zaɓe kuwa?

Ana yi. Majalisar Ƙasa tana da kujeru 24, wa'adinsu shekara 5. Kujeru 16 na waɗanda suka fi yawan ƙuri'a ne, 8 kuma ana raba su gwargwadon abin da kowane rukuni ya samu. 'Yan ƙasa kaɗai ke zaɓe, wato mutum dubu bakwai da wani abu ke yanke hukunci kan wurin da kusan dubu arba'in ke kwana. A zaɓen 2023 rukuni guda ya kwashe kujeru 24 ɗin baki ɗaya.

Majalisar ba ta iya sauke minista, amma tana da makami guda mai kaifi: kasafin kuɗi ba ya wucewa sai da ƙuri'arta. Da shi take matsa wa gwamnati, kuma abin da aka fi ja-in-ja a kai ba aƙida ba ce. Gidaje ne. Ɗan Monako mai albashi ba zai iya hayar kasuwa a garinsu ba, don haka gwamnati ke gina gidaje ta ba 'yan ƙasa a farashi mai sauƙi, kuma yawan waɗannan gidaje shi ne siyasar ƙasar.

Akwai kuma ƙaramar hukuma guda ɗaya tak, mai kansiloli 15, ciki har da magajin gari, wadda iyakarta ita ce iyakar ƙasar.

Kotuna fa?

Da sunan Yarima ake yanke hukunci, amma kundin ya ce ya miƙa ikon ga kotuna. Babu ministan shari'a a cikin gwamnati, wata hukuma ce ta daban ke kula da fannin. Da yawa daga alƙalan aro ne daga Faransa na 'yan shekaru, abin da ke da amfani a garin da kowa ya san kowa, ko da yake masu suka na cewa alƙalin da ke jiran a sabunta masa kwantiragi ba ya cika sakin jiki. Kotun Ƙoli, wadda ke duba ko doka ta saɓa wa kundi, tana nan tun 1911.

Wa zai gaji Albert?

Ɗansa Jacques. Albert ya auri Charlene Wittstock, 'yar ninƙaya daga Afirka ta Kudu, a 2011, suka haifi tagwaye ranar 10 ga Disamban 2014. Gabriella ce ta riga fitowa da minti biyu, amma doka ta fifita namiji a kan mace a tsakanin 'yan uwa. 'Ya'yan da aka haifa ba da aure ba ba sa cikin layi, kuma Albert ya amince a fili cewa yana da biyu.

Gyaran 2002 an yi shi ne saboda a lokacin Albert ya haura 40 bai yi aure ba. Sai aka buɗe layi ga 'yan uwan mai mulki da zuriyarsu, wato Caroline da Stéphanie, 'yan uwan Albert mata, da 'ya'yansu. In layin ya ƙare ƙaf, Majalisar Sarauta mai mutum 7 ce za ta zaɓo daga dangi na nesa, aikin da ya yi kama da na masu zaɓen sarki a wurinmu.

Tana da soja?

Tana da dogarai, in za a faɗi gaskiya. Rundunar tsaron Yarima, wadda aka kafa a 1817, mutum ɗari da 'yan kai ce. Kullum da ƙarfe 11:55 na safe suke sauya gadi a ƙofar fada, da fararen kaya lokacin zafi, masu yawon buɗe ido na ɗaukar hoto. Sai 'yan kwana-kwana, waɗanda su ma a tsarin soja suke. 'Yan sanda kuwa suna da yawa ƙwarai in aka kwatanta da yawan jama'a, ga kyamarori a kowane lungu. Yaƙi in ya zo, na Faransa ne.

Da gaske ba a biyan haraji? To da me gwamnati ke aiki?

Harajin kuɗin shiga na mutum ɗaya ne babu, tun 1869, in ban da Faransawan da aka ambata a baya. Bayan asarar Menton da Roquebrune baitulmali ya bushe, sai Charles na III ya ba da izinin gidan caca. A 1863 aka kafa kamfanin Société des Bains de Mer ƙarƙashin François Blanc, a 1866 aka raɗa wa unguwar suna Monte Karlo, wato Dutsen Charles, jirgin ƙasa ya iso a 1868. Kuɗi suka shigo har Yarima ya yafe wa talakawansa haraji.

Yau caca ɗan ƙaramin kaso ce a kuɗin gwamnati. Kusan rabi daga harajin VAT yake fitowa, wanda ake karɓa daidai da na Faransa. Sauran daga cinikin gidaje da filaye, da harajin ribar kamfanonin da ke samun fiye da kashi 25 cikin 100 na cinikinsu a wajen ƙasar. Dabarar mai sauƙi ce: a jawo mai kuɗi ya zauna, a bar masa abin da ya samu, a karɓa a kan abin da ya kashe. Masu yi masa aiki kuwa, daga ma'aikatan banki zuwa masu shara, dubun-dubata ne da ke shigowa kullum da safe daga Faransa da Italiya su koma da yamma.

Wani abin dariya: doka ta hana ɗan Monako yin caca a gidan cacar Monte Karlo. Yana iya aiki a ciki, amma ba ya zama a teburi. Masu gidan sun san abin da suke sayarwa.

Tana cikin Tarayyar Turai?

A'a. Amma tana kashe Yuro, har tana buga nata sulallan da hoton Yarima, kuma ta hanyar Faransa tana cikin yankin kwastam na Tarayyar. Mai bizar Shengen, wato bizar bai ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, yana shiga ba tare da wata biza ba. An fara tattaunawar ƙulla yarjejeniya da Tarayyar a 2015, aka dakatar a Satumban 2023. Abin da ya hana ruwa gudu shi ne fifikon da doka ke ba 'yan ƙasa wajen aiki da gida da buɗe wasu sana'o'i. Tarayyar na son kowane Bature ya samu dama ɗaya, mutum dubu tara kuma suna ganin in suka saki wannan sun narke.

Ana cewa maɓoyar kuɗin haram ce. Haka ne?

Zargin ya daɗe, kuma ba a banza ba. A Yunin 2024 hukumar FATF, mai sa ido kan halasta kuɗin haram a duniya, ta sa Monako a jerin ƙasashen da ake sa wa ido na musamman, jerin da Najeriya ta shiga a Fabrairun 2023. Ƙorafin shi ne dokoki na nan a takarda, amma bincike da gurfanarwa da ƙwace dukiya sun yi ƙaranci. Gwamnati ta yi sabbin dokoki, ta kafa hukumar sa ido kan harkar kuɗi mai zaman kanta. Sirrin banki irin na da ma ya ragu, domin Monako ta shiga tsarin musayar bayanan asusu da hukumomin harajin wasu ƙasashe.

Baƙo zai iya zama ɗan ƙasa?

Zama daban, zama ɗan ƙasa daban. Don samun katin zama sai ka nuna wurin kwana a cikin ƙasar, da takardar rashin laifi, da shaidar abin da za ka ci, bankuna kuma kan nemi ajiyar da ta kai Yuro 500,000. Haihuwa a Monako ba ta ba da ɗan ƙasa, ta jini ake gado. Wanda ya yi shekara 10 yana iya nema, bisa sharaɗin ya ajiye fasfonsa na asali, amma Yarima ne kaɗai ke cewa e ko a'a, ba kuma dole ya faɗi dalili ba. Akwai iyalan da suka yi kaka da kakanni a garin har yau baƙi ne a takarda.

In ƙasa ce, me ya sa ƙungiyar ƙwallonta ke buga gasar Faransa?

Saboda babu wanda za ta buga da shi a gida. AS Monaco tana gasar Faransa, tana karɓar baƙi a filin Louis na II, kuma ƙasar ba mamba ba ce a FIFA. A nan Victor Ikpeba ya taka leda har ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka na 1997, 'yan Najeriya suka laƙaba masa Yariman Monako. A wasannin Olamfik kuwa da tutarta take zuwa, Albert da kansa ya wakilce ta sau biyar a wasannin hunturu.

Ƙasar na iya ƙara girma?

Ta teku kawai. Zamanin Rainier aka cike ruwa aka gina unguwar Fontvieille, mai kimanin hekta 22, inda filin ƙwallon yake. A Disamban 2024 aka buɗe unguwar Mareterra, hekta 6 da aka cike a bayan katangar manyan akwatunan kankare da aka nutsar a teku. Sauran hanyoyin biyu su ne sama da ƙasa: dogayen benaye a kan tudu, tashar jirgin ƙasa kuma an tura ta cikin dutse don a samu filin da layin dogo ya tare. Filin jirgin sama dai babu inda za a sa shi, sai a sauka a Nis a ƙaraso da mota ko jirgi mai saukar ungulu.